Tambayoyinku kan mota: 'yar ƙaramar mota sabuwa dal a hannun sabon mai ita

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon kusan rabin wasiƙun da suka taru kan abu ɗaya ne, ƙananan motocin nan da ake ce wa hachbak, waɗanda basu da dogon but a baya, ƙofar bayan ce take ɗagawa sama duk da gilashinta, kana buɗewa sai ka ga bayan kujeru. Irin su Toyota Yaris, Kia Picanto, Hyundai i10, Suzuki Swift, Honda Jazz, Polo, da babbar yayarsu Golf da tun 1974 ake ƙera ta. Shi yasa na ware su gefe na ce bari mu yi musu zama guda. Wasu wasiƙun na rage musu tsawo saboda fili amma ban taɓa tambayar kowa ba. Wani abu da na lura dashi ina karantawa, yawancin abin da yake hana ku barci ba matsala bane sam, shi kuma abin da ya kamata ya tada muku hankali sai in tarar an ambace shi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Sati biyu kenan da na ɗauko motata sabuwa fil, itace ta farko a rayuwata, inji 1.0 ne. Wani abokina yace kar in wuce 60 sai tayi wata uku, wani kuma yace a'a in hau babban titi in take ta sosai injin ya buɗe, to ni na rasa wa zan bi. Sannan in na tsaya a danja ina jin tana ɗan karkarwa har a sitiyari, anya ba mai matsala aka bani ba?
Daga sabon direba

AMSA: Allah ya sanya alheri ɗan'uwa, ya tsare hanya. Abokanka duka biyun kowa ya riƙo wani ɓangare ya saki wani. Sabon inji ba da wata ake auna shi ba, da kilomita ne, yawancin kamfanoni suna cewa a lallaɓa ta a kilomita 1,000 zuwa 1,500 na farko, ka duba littafin da aka baka tare da motar zaka ga adadin naka a rubuce. Kuma abin da ake gudu ba gudun motar bane shi kansa, juyin injin ne. Ka kalli agogon nan mai 1, 2, 3 har zuwa 7 ko 8, ka yi ƙoƙari allurar kar ta riƙa haura 3 da rabi ko 4, kar ka danna totur har ƙasa, kar ka ja wata mota, kar kuma ka sa babbar giya kana tafiya a hankali har injin yana gurnani yana jijjiga, wannan ma wahalar dashi ne kamar wancan. Dalili kuwa zoben fistin da bangon silinda sababbi ne, suna buƙatar su goga juna a hankali har su zauna daidai, shi yasa ma ba a son ka tsaya a gudu ɗaya na awa biyu cur, gara kana hawa kana sauka, 60, 80, 90, ka dawo. Birki da taya ma sababbi ne, a kilomita 300 na farko basu gama kamawa ba, ka bar tazara mai kyau tsakaninka da na gabanka.

Karkarwar kuma, inaga motarka mai silinda uku ce, yawancin inji 1.0 haka suke. A kowane juyi biyu na inji, mai silinda huɗu sau huɗu yake buga wuta, naka sau uku, to tazarar da ke tsakani ita kake ji a hannunka in kana tsaye, musamman in esi ta kama. Halittarta ce, ba ciwo ba. Wadda zata sa ka koma wajen dila itace in karkarwar tana ƙaruwa kullum, ko motar tana fizga kana tafiya, ko fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. In fitilar tana ƙyaftawa ne ba tsayawa tayi ba to wata silinda bata ƙona mai, ka rage gudu ka nemi gareji a ranar, kar ka ce sai ƙarshen wata.

Sai wata al'ada da nake so ka bari tun kafin ka fara ta, tada mota da safe a barta tana ta aiki minti goma wai tayi zafi. Motar zamani bata buƙatar haka. Ka tada, ka ɗaura bel, ka gyara madubi, rabin minti ya isa, ka tafi a hankali, a tafiyar zata fi saurin ɗaukar zafi.

TAMBAYA: Malam ni damuwata gilashin baya, ko yau na wanke motar kafin yamma ya yi butu-butu da ƙura alhali na gaba tas yake, ko fentin ne ba kyau? Ranar nan ma na ɗauko wani dogon katako but ɗin bai rufu ba na ɗaure shi da igiya, kafin in isa gida kaina kamar zai tsage, ko ƙurar ce?
Daga wata 'yar'uwa mai shagon ɗinki

AMSA: 'Yar'uwa ba fenti bane. Siffar motar ce, bayanta a yanke yake tsaye, iskar da ta bi ta saman rufi da gefe in ta zo ƙarshe sai ta murɗe ta dawo ta manna a bayan, tana ɗauke da duk abin da tayoyi suka taso. Shi yasa aka sa wa irin motarki waifa a baya, masu dogon but kuma galibi babu. Abin da zan roƙe ki kar ki kunna waifar a busasshen gilashi, ƙurar zata karce shi, ki fesa ruwa tukuna, tulun ruwan yawanci ɗaya ne da na gaba.

Amma maganar ciwon kai ita ce babba, kuma ba ƙura bace. Wannan iskar da nace tana murɗewa, in but a buɗe yake hayaƙin salansa take kwasowa ta turo miki ciki, tunda a motarki but da wurin zama ɗaki ɗaya ne babu bango tsakani. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, da ciwon kai take farawa sai jiri da gyangyaɗi, tana kisa. Don Allah kar ki sake. Ki kwantar da kujerun baya, a yawancinsu ana iya kwantar da ɓari ɗaya a bar ɗaya, ki tura kujerar gaba ta fasinja, zaki yi mamakin tsawon abin da zai shige but ya rufu. In kuma ya zama dole ƙofar ta zauna a buɗe, to tafiyar ta zama gajera, ki rufe tagogi, ki sa fanka a ƙarshenta tana jawo iskar waje ba mai juya ta ciki ba, kuma kar ki ɗauki yaro a baya.

TAMBAYA: Yallaɓai mu biyar manya muka yi tafiya da kayanmu but ya cika har rufi, sai naga bayan motar ya zauna, duk tudun rage gudu sai ta goga ƙasa, in zan wuce tirela kuma ina taka totur kamar bata ji. Wani yace in sa a ƙara mata ƙarfen baya ta ɗago. Ya kake gani, ko dai in sayar in nemi babba?
Daga magidanci mai iyali

AMSA: Alhaji, motar bata yi laifi ba, abin da ya fi ƙarfinta aka ɗora mata. Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda ko ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyinta, in babu yana littafi. Irin waɗannan motocin su kansu nauyinsu wajen kilo 900 zuwa 1,100 ne, abin da aka yarda su ɗauka kuma bai cika wuce kilo 400 da 'yan kai ba, har da kai direba a ciki. To ka lissafa, manya biyar kowa kilo 75, ka ga 375 kenan tun ba a saka jaka ko ɗaya ba. Kujera biyar da kake gani ba ita ke nufin mutum biyar da kayan mutum biyar ba.

Maganar ƙara ƙarfe kuwa ban goyi baya ba ko kaɗan. Zai ɗaga bayan ne kawai ido ya ga ta miƙe, amma birkin shine dai na da, tayoyin sune na da, injin shine na da. Lodi ba zama kaɗai yake jawowa ba. Yana tsawaita nisan da take ɗauka kafin ta tsaya, yana sa taya tayi zafi ta fashe, yana rage nauyi a tayoyin gaba waɗanda su ke ja su ke juyawa, da dare kuma fitilunka su ɗaga sama suna kashe idon masu tahowa, akwai 'yar dabaran da ake murzawa kusa da sitiyari mai 0, 1, 2, 3 don sauke su, mutane da yawa har su sayar da mota basu san aikinta ba. Kayan da ka jibga har rufi shi yafi bani tsoro. A mota mai dogon but akwai abin da ya raba kaya da mutane, a taka babu, ka taka birki da ƙarfi ko ka yi karo duk abin da ya haura kan kujera ƙeyar 'ya'yanka zai nufa. Mai nauyi a ƙasa, a jingine da bayan kujera, komai kar ya wuce tsawon kujerar, in akwai ƙugiya a ɗaure.

Yanzu wuce tirela, nan nake so ka natsu. Inji 1.0 ko 1.2 ƙarfin doki 65 zuwa 90 ne dashi, kuma ƙarfin ba a ƙasa yake ba sai injin ya juya sosai. In kana giya ta biyar ka taka totur ba abin da zai faru sai ƙara. Tun kafin ka fita layin ka sauko ta huɗu ko ta uku, in otomatik ce ka danna har ƙasa ita zata sauko da kanta, ka kashe esi na ɗan lokacin don tana cin wani kaso na ƙarfin da a ƙaramin inji ana jinsa. Ga lissafi mai sauƙi. Tirela tana 70 kai kana 90, tazarar gudunku 20 ce kacal, kafin ka fito daga bayanta ka wuce tsawonta ka koma layi da sarari a gabanta zaka yi daƙiƙa goma ko sha ɗaya a layin da ba naka ba, a lokacin ka cinye mita 270 da wani abu, mai tahowa shima ya cinye kamar haka. Wato in baka hango fiye da rabin kilomita fayau ba, kar ka fita. Da lodi kuma ka ƙara a kan haka. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu lokacin da kake fita daga inuwar tirelar, iska tana bugun mota mara nauyi a daidai wurin.

Sayarwa kuwa ya danganta. In irin wannan tafiyar sau biyu ce a shekara, riƙe abarka, ka rage kaya ko ka aika su daban. In kuwa duk sati ne, gaskiya ba motarka bace wannan, daidai ruwa daidai tsaki.

TAMBAYA: Malam an ce min motar nan bata shan mai, takardar talla ma ta rubuta lita 5 a kilomita 100, amma ni dashbod yana nuna min 7 wani lokaci har 8. Cikin gari nake yawo, gida zuwa ofis bai fi kilomita 4 ba. Yanzu ma a gangara firi nake sakata don in rage.
Daga ma'aikacin ofis

AMSA: Lambar takardar talla a ɗakin gwaji aka same ta, ba esi, ba cunkoso, ba lodi, kusan ba wanda yake samunta a titi. Taka tafiyar kuma ita ce mafi cin mai a duk tafiye-tafiye, kilomita 4 inji bai gama zafi ba ka kashe, kuma inji mai sanyi mai yake sha da yawa. Ga tsayawa ga tashi. Don haka 7 a cikin gari ba abin kuka bane, sabon inji ma yakan ɗan sassauta bayan 'yan dubban kilomita. In kana son sanin gaskiya kar ka dogara da dashbod, cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da maleji na tafiya sifili, ka yi yawonka, ka dawo ka sake cikawa. Misali ka yi kilomita 400 ta sha lita 28, ka ga 7 kenan a ɗari. Ka yi haka sau uku ka ɗauki tsakiya. In famfo ya katse kar ka ce a ƙara a danna har wuya, akwai wata 'yar tukunya mai gawayi da take kama tururin fetur, man in ya malala cikinta lalata ta yake.

Firi a gangara ka daina yau. Ba ma ragi kake ba, motocin yanzu in tana cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur kwamfutarta yanke man take gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin, amma a firi dole a bata mai don kar ta mutu. Sannan ka ɗora wa birki duk aikin shi kaɗai, a doguwar gangara zai yi zafi ya daina kamawa. Masu kashe inji ɗungurungum kuma su nasu yafi muni, birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka. Abin da yake rage mai da gaske: iskar taya daidai, tashi a hankali, hango danja tun daga nesa ka saki totur, sauke tarkacen da ke but, a babban titi kuma 90 zuwa 100 maimakon 120, don iska ce babbar abokiyar gabar ƙaramin inji.

TAMBAYA: Na ɗaga kafet ɗin but naga safaya 'yar siririya kamar ta babur, ko an canza min ne? Kuma mai faci ya sa min iska 44 yace haka aka rubuta a jikin tayar.
Daga wata ɗaliba

AMSA: Ba a canza miki ba ƙanwata, haka kamfani ya sako ta don but ya samu wuri, wasu motocin ma babu ita sai ɗan famfo da gorar gam. Ta kai ki wajen faci ce kawai, kar ki wuce 80 da ita, zaki ga an rubuta a jikinta, kuma ita iskarta tafi ta sauran, yawanci 60 ce, ki riƙa dubata don ranar da ake nemanta ake tarar da ita ba iska. Ki gwada jak da sifanar taya a gida wata rana da rana tsaka, ki san inda ake kafa jak ɗin, kar ranar farko ta zama cikin duhu a bakin titi.

44 ɗin nan kuskure ne da ya yaɗu sosai. Abin da ke jikin taya iyakar abin da zata iya ɗauka ne, ba abin da motarki take so ba. Naki yana jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, a ƙananan motoci yakan kama 30 zuwa 35, da wani adadi daban in an yi lodi. Iska in tayi yawa tsakiyar tayar ke cinyewa, motar tana tsalle, birki baya kamawa da kyau musamman a ruwa. In tayi kaɗan gefe-gefe ke cinyewa tayi zafi. A auna da safe kafin a yi nisa, sau ɗaya a wata. Ki sayi ɗan ma'aunin ki ajiye a mota, ƙarami ne kamar biro. Tunda muna kai, a jikin tayar akwai lamba huɗu a jere, misali 2324, ma'ana sati na 23 a 2024 aka yi ta, zai miki amfani ranar da zaki sayi sabuwa.

TAMBAYA: Ledar kujeru in barta ko in cire? Sannan da safe wata fitila shuɗiya mai kamar ma'aunin zafi tana kamawa sai ta mutu da kanta.
Daga mai karatu

AMSA: Cire. Tana tara gumi da danshi, tana sa mutum zamewa, a wasu motocin ma balan-balan ɗin kariya na gefe a cikin kujerar yake. Shuɗiyar fitila cewa take injin da sanyi, ka bi a hankali har ta mutu. In ja ta kama, ita ko ta baƙin mai mai kamar buta, tsaya nan take ka kashe.

TAMBAYA: Malam sabis na farko ya kusa, dila yace in kawo musu amma makanikena da na saba dashi tun motar babana yace duk ɗaya ne, zai min juye da mai kauri don injin ya daɗe, ya cire tamostat don kar tayi zafi, ya kuma sa min manyan lasifika.
Daga wani matashi

AMSA: Ina girmama tsofaffin makanikai, da yawansu da kunne kaɗai suke gane ciwon mota, amma ukun nan da ya lissafa maka kowanne zai cuce ka. Sabon inji ramukan da mai yake bi sirara ne, an ƙera shi ne don mai ruwa-ruwa irin 0W-20 ko 5W-30, ka duba murfin wurin zuba mai ko littafi, abin da aka rubuta shi zaka sa. Mai kauri yana jinkirin isa sama lokacin da aka tada mota, kuma a wannan lokacin inji yafi cin kansa. Tamostat aikinta ta riƙe injin a zafin da ya dace, wajen digiri 90, in an cire sai ya daɗe da sanyi, kwamfuta tayi ta ƙara mai, inji yana lalacewa a ɓoye. Lagireto kuma ruwansa na musamman ne mai launi, ba ruwan famfo ba, kuma ba a buɗe murfinsa da zafi. Lasifika in za a yanka waya to ka haƙura tukuna.

Duk wannan ma a gefe, akwai garanti. Yawancin sababbin motoci suna zuwa da na shekara uku ko fiye, sharaɗinsa sabis a kan lokaci da kayan da suka dace da kuma shaida a rubuce. Karanta takardar ka ga ko an yarda da garejin waje, in ba a yarda ba ka kai wa dila har ya ƙare, ka adana kowane rasit. Kai kuma naka aikin, duk sati biyu ka zaro sandar awon mai, mota a wuri mai daidai, inji a kashe na 'yan mintuna, ka goge ka mayar ka sake zarowa, ya kasance tsakanin alamomin biyu. Sabuwa ma takan ɗan sha baƙin mai.

TAMBAYA: Yaro ya gifta min na taka birki da ƙarfi sai naji fedar tana bugun ƙafata gir-gir-gir, na tsorata na ɗaga, Allah ya kiyaye ban taɓa shi ba. Birkin ya lalace ne? Jaririyata 'yar wata bakwai ma saura kaɗan ta kuɓuce daga hannun ƙanwata a kujerar gaba.
Daga wata uwa

AMSA: Alhamdulillahi da Allah ya tsare. Birkinki lafiya lau, ABS ne yake aiki, yana kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa ɗaya don kar tayoyi su ƙulle ki zame, ki kuma iya kaucewa da sitiyari. In kin ji bugun kar ki ɗaga, ki ƙara dannawa ki riƙe har ta tsaya. Ki samu fili da ba kowa ki gwada a gudun 30 sau biyu ko uku ƙafarki ta saba.

Amma Hajiya layin ƙarshe na wasiƙarki shi ya tsaya min a rai, na karanta shi ya fi sau uku. Birki ne kawai kika taka ta kusa kuɓucewa, to ina ga karo? Karo a gudun 50, gudun cikin gari, daidai yake da faɗowa daga tsawon mita goma. A wannan ƙiftawar nauyin kowane abu a motar yana ninkuwa sau ashirin ko talatin, jaririya mai kilo 8 ta koma kilo ɗari biyu ko kusa da haka, babu hannun da zai riƙe ta duk son da ake mata. In ƙanwarki bata ɗaura bel ba jikinta ne zai danne yarinyar a dashbod, in kuma ta haɗa su biyu a bel ɗaya nan ma matse ta zata yi. Ga balan-balan ɗin gaba da yake fitowa da ƙarfin da aka auna don ƙirjin babba, ba kan jariri ba.

Ki nemi kujerar jarirai ta mota, a kujerar baya, tana kallon baya, saboda wuyan jariri bai yi ƙwarin riƙe kansa ba, in tana kallon baya duk gadon bayanta ne zai karɓi bugun. Ƙa'idar Turai aƙalla wata 15 ta ce a haka, likitocin yara da yawa suna son a wuce nan. Kar a taɓa kafa irin wannan kujerar a gaba matuƙar balan-balan ɗin a kunne yake, akwai hoton gargaɗin a jikin abin kare rana na fasinja. Ki zura hannu tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya zaki taɓo wasu ƙarafa biyu, ISOFIX ake ce musu, kusan duk sabuwar hachbak tana dasu, kujerar tana shiga ciki ne tace ƙas. Ki tafi da motar wajen saye a gwada a gabanki, don a ƙaramar mota wata kujerar sai an tura ta gaba sosai take shiga. In kin ɗaure ta, maɗaurin ya kama jiki yadda ba zaki iya tsunkuno shi da yatsu a kafaɗarta ba, ba a kan rigar sanyi mai kauri ba. A gefen ƙofar baya kuma akwai ɗan makulli da yake hana buɗewa daga ciki, ki tura shi tun yanzu kafin ta fara miƙa hannu. Zata yi kuka kwana biyu na farko, ƙanwarki ta koma baya ta zauna kusa da ita da bel ɗinta a ɗaure.